Harsashin da Aka Bari a Bayan Yaya

Laraba, da hantsi

Yaya ya fito daga ɗakin tiyata da ransa. Harsashin yana nan cikin ƙashin bayansa, ba a cire ba.

Ga sauran, kamar yadda likitan da ya buɗe cikin ya faɗa mana a tsaye, hular tiyata a hannunsa. Harsashin ya shiga ta mara, gefen hagu, ya huda babban hanji, ya yaga wata jijiyar jini a cikin ƙugu, ya gutsuri ƙashi, sannan ya je ya maƙale a ƙasan gadon baya. An ɗinke jijiyar jinin. An fito da bakin hanjin ta gefen ciki an manna masa jaka, na ɗan lokaci in ji shi. An sa robar fitsari. An ƙara jini.

Anti, matar Yaya, ta ce, "To harsashin fa?" Ya ce wannan ba huruminsa ba ne, na likitar ƙashin baya ne, ita kuma ta ce a bar shi tukuna.

Takalman da na sa jiya, da jininsa a jikinsu, suna cikin leda a ƙarƙashin benci. Ban wanke ba, ban jefar ba.

Laraba, da yamma

Daga ofis an yi ta kira. Ban ɗauka ba. Jaridarmu ba za ta fito gobe ba, wannan ko ba a faɗa mini ba na sani.

Alhamis, da safe

Na ga likitar ƙashin bayan. Gajeriyar mace ce, takalminta ba ya ƙara, gilashinta rataye da igiya a wuya, aljihun farar rigarta ɗauke da fil, auduga, da wani ƙaton alƙalami mai shuɗin tawada. Kawu ya tare ta a bakin ƙofa tun kafin ta gama amsa gaisuwa.

"Likita, ko ƙaya ce ta soki mutum ai cirewa ake yi. Yaya za a ɗinke yaro da ƙarfe a jikinsa?"

Yaron nan ya haura hamsin, amma a wurin Kawu yaro ne.

Ba ta ji haushi ba. Ta ce, "Gaskiya ne, Baba. Amma ku zauna in nuna muku." Ta ɗaga hoton da na'ura ta ɗauka, ta nuna wani farin ɗigo kamar ƙwayar wake. Ta ce jini shi ke kashewa a yini guda, hanji shi ke kashewa a cikin mako, jijiya kuwa ba ta kashewa, nakasawa take yi, shi ya sa suke bin su a jere. Harsashin ya ratsa hanji ya kwaso ƙazanta. In ta buɗe bayan yanzu, ta buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya har zuwa ƙwaƙwalwa. Za a ba shi magani mai ƙarfi ta jijiya na wasu kwanaki, ita kuma za ta riƙa duba shi kullum. In jijiyoyin suna farfaɗowa da kansu, ba lallai a taɓa ƙarfen ba. In suna lalacewa, za ta shiga.

Anti ta ce, "Zai yi tafiya?"

"Sai na gani."

Kawu ya ce, "Ke da kika yi karatun ba ki sani ba?"

"Na san abin da yakan faru da mutane ɗari. Shi ban san shi ba tukuna."

Na yi shekaru ina gyara rubutun 'yan rahoto, ina jan abin da ya fi muhimmanci zuwa layin farko, ina soke duk abin da baki biyu ba su tabbatar ba. Ban taɓa ganin an yi wannan aikin a jikin mutum ba sai yau.

Juma'a, da rana

Ya farka sosai. Abin da ya fara tambaya shi ne motarsa, ta koyar da tuƙi, mai birki biyu. Na ce tana nan. Ban yi ƙarya ba, tana nan inda muka bar ta, a ƙofar ofishinmu.

Ya dube ni sama da ƙasa. "Auta, ba abin da ya same ki?"

"Ko ƙwarzane."

"To madalla." Ya rufe ido. Bai ƙara cewa komai a kan ranar harbin ba, ni ma haka.

Asabar, da safe

Ga yadda take duba shi. Sista da nas biyu suna juya shi gefe ɗaya a tare, kamar gungume, don kada bayan ya murɗe. Fuskarsa tana kallon bango, inda wata ƙaramar durowar ƙarfe take. Likita ta tsaya a bayansa, ta taɓa fata da fil ko da auduga, daga ƙugu zuwa ƙasa. "Nan fa? Nan fa?" Inda ya daina ji, sai ta ja layi da shuɗin alƙalamin nan, ta rubuta ranar a gefe. Yau layin hagu yana tsakiyar cinya. Daga nan ta sa ya tura tafin hannunta da ƙafarsa, dama da hagu.

Kawu da Anti idonsu na kan babban yatsa, suna jiran ya motsa. Ta ce musu ba yatsa ne ya fi damunta ba. A can ƙasan baya lakar da ke cikin ƙashi ta riga ta ƙare, sai jijiyoyi a zube kamar wutsiyar doki, a cikinsu kuma akwai waɗanda ke riƙe fitsari da bayan gida. Su take tsoro. Ta ja labule ta fitar da mu, ta duba inda ba a dubawa a gaban iyali.

Da muka dawo Yaya ya ce, "Kun ji? Ashe ina da wutsiya tun tuni ba wanda ya gaya mini." Ya raɗa mata suna Sai-Na-Gani. Ta ji, ta ce ta karɓa, ya fi wanda ɗalibanta suka sa mata.

Lahadi, da yamma

Anti ta je gida ganin yara, muka rage mu biyu. Ya daɗe yana kallon jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado.

"Auta, keken guragu ba ya ba ni tsoro. Ai dama a zaune nake cin abincina. Amma wannan," ya nuna robar da haɓarsa, "a ce har in mutu matata ce za ta riƙa zubar mini, 'ya'yana suna toshe hanci a ɓoye. Wannan ban san yadda zan ɗauka ba."

Na ce jakar ciki ta ɗan lokaci ce, likita ya faɗa. Ya ce, "Ta ƙasan fa?" Wannan shi ne abin da muke jira ke nan, ba yatsa ba.

Litinin, da safe

Layin ya sauka zuwa gwiwa. Anti ta yi dariya, karo na farko.

Talata, da safe

Ƙasan gwiwa. Kawu ya kira dangi ɗaya bayan ɗaya yana ba da labari, har da ƙarin gishiri. A bakinsa Yaya ya kusa fara gudu.

Titin asibiti a buɗe yake yau, amma shaguna rabi a rufe. Mai sayar da jarida a bakin ƙofa ya ce mini, "Hajiya, taku shiru." Na ce eh.

Laraba, da rana

Layin ya kai ƙauri. Cinyar Yaya ta zama kamar tsani, kowane mataki da ranarsa. Kowa yana murna ban da mai alƙalamin. Ta sa ya tura hannunta da ƙafar hagu har sau uku, ta tsaya tana kallon ƙafar, ta kalli layukanta, ta fita.

Na bi ta baranda. Na ce, "Likita, ai sauƙi ne wannan, ko?"

Ta ce, "Fata tana cewa sauƙi. Ƙafa tana cewa akasin haka, ƙarfinta ya ragu a kan na Asabar. Ba su saba saɓa wa juna haka ba."

Yau na ji haushinta. Mutum ya samu ɗan abin da zai riƙe, ita sai ta tsaya tana auna shi. Na san 'yan rahoto nawa suka ji irin wannan haushin nawa.

Alhamis, da hantsi

Zan rubuta shi yadda na gani.

Ina tsaye a bayan likita, ta gefen taga. An juya Yaya, fuskarsa ga bango. Ta ce, "Nan fa?" Ya ce, "Na ji." Ta sauka ƙasa. "Nan fa?" "Na ji, kaɗan." A karo na uku na ga fil ɗin ya tsaya a iska, tsakaninsa da fata akwai faɗin yatsa. Ta ce, "Nan fa?"

Yaya ya ce, "Na ji."

Ta sake, ba ta taɓa ba. Ya sake cewa ya ji.

Ta ɗago kai tana bin ɗakin da ido, har ta kai ga durowar ƙarfen nan da ke gaban fuskarsa. Ƙofarta sumul take, masu shara suna goge ta kullum. A cikinta na hango hannun likita, da fil, da ni kaina. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa mutane ganin abin da ke bayansu ta madubi, shi muka kwantar a gaban madubi muna tambayarsa ko ya ji.

Ta tuɓe farar rigarta ta rataya a kan ƙofar durowar. Ta ce, "Ku ɗan ba mu wuri," da muryar da take cewa ina kwana.

Da aka buɗe labule, an goge tsanin nan kaf da auduga. Layi ɗaya ne sabo, kuma ya fi na ranar Asabar hawa sama. Ta gaya wa Anti cewa ta sake aunawa da kyau, jijiyoyin suna matsuwa, za ta shiga gobe da safe, maganin ma ya yi kwanakin da take so. Ba ta ambaci durowa ba. Anti ba ta sani ba, Kawu ma haka.

Alhamis, da yamma

Shi ya fara maganar. "Kin gani ko, Edita?" In yana so ya tsokane ni haka yake kirana.

"Na gani."

"Ranar Litinin da gaske na ɗauka na ji. Sai na ga Antinki ta yi dariya. Washegari kuma ya zan yi, in ƙwace mata?" Ya ce kuma yana tsoron a yanka bayan, ya ji ana cewa wanda aka taɓa wa baya ba ya ƙara tashi.

Na tambaye shi me ta ce masa a bayan labule.

"Cewa ta yi, Malam, in ɗalibi ya ce maka ya taka birki alhali bai taka ba, me ke faruwa? Na ce sai mu faɗa rami tare. Ta ce, to ni ce a kujerar gefe, kuma motar nan ba ta da birki na biyu, naka kaɗai ne." Ya share ido da bayan hannu. "Ko faɗa ba ta yi mini ba, Auta. Da ta zage ni da na fi jin daɗi. Cewa ta yi ba ni ne na farko ba, shi ya sa takan tambaya ba ta taɓa ba. Amma wai ni ne na farko da ya yi mata da madubi."

Har a wannan halin sai da na ji alamar alfahari a muryarsa.

Juma'a, da hantsi

An shiga da shi. Kawu yana jan carbi, Anti tana ninke mayafi ɗaya tana warwarewa.

Juma'a, bayan la'asar

Likita ta fito, shatin abin rufe hanci a kumatunta. Ba ta yi mana magana a tsaye ba, sai da ta jawo kujera.

Ta cire ɗan murfin ƙashi ta baya don ta samu hanya. Ta tarar da gudan jini da tsinken ƙashi sun danne jijiyoyin, su ne suka fi harsashin ɓarna a kwanakin nan. Harsashin yana kwance a tsakiyarsu. Ta raba su ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin gilashin ƙara girma har ta zaro shi. Biyu a gefen hagu sun tsinke tun ranar farko, waɗannan ba abin da za ta iya yi musu. Sauran sun ƙuje amma suna haɗe. Ta wanke wurin, ta ɗinke rigar da ke lulluɓe su don kada ruwan laka ya riƙa zuba.

Kawu ya ce, "Da an cire tun farko da ba a kai haka ba."

Na ɗauka za ta kare kanta. Ta ce, "Mai yiwuwa ne, Baba. Mai yiwuwa kuma da yanzu muna fama da ciwon da ya hau kai. Na zaɓi wanda na fi iya gyarawa in ya ɓaci." Kwanakin da Yaya ya cinye mata da madubinsa, ko da ishara ba ta kawo su ba. Ta ɗauki maganar Kawu ta tafi da ita.

Na karanta littattafai da yawa a kan jarumta. Yawancinsu da ihu a ciki.

Asabar, da rana

Kawu ya so ya ga ƙarfen. Sista ta ce yana cikin kwalba an like, ba na iyali ba ne.

Litinin, da hantsi

Mutum biyu sun zo, ba kayan sarki a jikinsu amma takalmansu iri ɗaya. Sun karɓi kwalbar. Sun ce suna son su yi wa marar lafiya 'yan tambayoyi, da kuma wadda take tare da shi ranar. Ina zaune a benci, tazarar hannu da su.

Likita ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin. Kanta bai kai kafaɗar ko ɗaya daga cikinsu ba. Ta ce marar lafiyarta yana kwance a miƙe bisa umarninta, ba ya ɗaga kai, ba ya doguwar magana, sai ranar da ta sallame shi. Ɗayan ya ce, "Yaushe ke nan?"

"Sai na gani."

Game da wadda take tare da shi, ta ce ita baya take yi wa aiki, ba ta ɗaukar sunayen masu jinya. Suka tafi. Ta wuce ta gabana ba ta ko kalle ni ba, ta shiga ɗaki na gaba.

Talata, da yamma

Zazzaɓi.

Laraba, da safe

Zazzaɓi har yanzu, da ciwon kai. An ɗebi jini, an buɗe ɗinkin an duba. A bushe yake. Likita ta zo sau uku yau, ranar da ba tata ba.

Ledar takalman tana nan. Mai shara ta tambaya ko shara ce, na ce a'a.

Alhamis, da rana

Zazzaɓin ya sauka. Daga robar fitsarin ne, in ji ta, ba daga bayan ba. An canja roba, an canja magani.

Asabar, da safe

An zaunar da shi. Ƙafar dama tana tura hannun likita har ta ja da baya. Ta hagu tana lanƙwasa gwiwa amma tafin yana faɗuwa, ba ya ɗagowa. Za a yi masa takalmi mai tallafi. Yaya ya ce, "Ƙafar kuloci ta yi ritaya ke nan. Daga yau sai mota mai canja giya da kanta, ɗalibai ragwaye sun huta."

Anti ta ce, "Kai dai ka tashi, ko jaki ne ka koyar."

Yanzu kafin a fara aunawa, shi da kansa yake cewa, "Sista, a rufe mini talabijin ɗin nan." Sai a yafa tawul a kan durowar. Anti ta ɗauka hasken ne ke damun idonsa. Sabon tsanin yana sauka a hankali, wata rana ma ba ya motsi. Yau ya ce "ban ji ba" sau da yawa, kuma duk lokacin da ya faɗa sai likita ta ce, "Yauwa, na gode."

Litinin, da yamma

Daga ofis an ce za a gwada fitowa ranar Alhamis, shafi takwas. Na ce zan duba rubutun daga nan. Wani ɗan rahoto ya aiko da labarin ranar harbin, ya sa adadin waɗanda aka harba a layin farko. Na tambaye shi wa ya ƙirga. Ya ce kowa ya sani. Na soke.

Laraba, da safe

An cire robar, gwaji. In mafitsara ta cika bai ji ba, ko ya ji ya kasa, za a mayar, wataƙila na dindindin. Likita ta gaya masa haka ƙarara, shi ya nema. An ajiye masa kwalba a gefen gado, an ce ya sha ruwa.

Ban taɓa ganin dangi sun taru suna jiran fitsarin mutum ba. Kawu yana leƙowa yana cewa, "Har yanzu?" Yaya ya ce, "Kawu, ko ɗalibi ne in ana kallonsa motar mutuwa take yi. Ku fita."

Laraba, da yamma

Ya yi. Anti ce ta fito da kwalbar a hannu, tana kuka tana dariya, ta ɗaga ta sama a baranda kamar kofin gasa, har Sista ta ce, "Baiwar Allah, a hankali, aunawa za mu yi."

Sista ta ɗora ƙaramar na'urar hoto a mararsa don ta ga abin da ya rage a ciki. Kaɗan ne. Kawu ya riga ya fara kiran dangi.

Likita tana ɗakin tiyata tun safe, sai dab da magariba ta leƙo. Ta karanta abin da Sista ta rubuta, ta tambayi Yaya, "Ka ji shi kafin ya zo, ko zuwa kawai ya yi?"

"Na ji. Wallahi na ji, Likita. Wannan ba madubin da zai nuna mini shi."

Ta yi murmushi, na farko da na gani a fuskarta. Ta ce mafitsarar da ta cika maƙil takan yi ambaliya da kanta, sau ɗaya ba ya zama hujja. Tana so ta ga na daren nan da na safiya, kuma na safiyar ita za ta riƙe na'urar.

Yaya ya ce, "Faɗi kalmar nan taki mana, mun san ta."

Ba ta faɗa ba. Ta gyara tawul ɗin da ke kan durowa, ta fita.

Mama ta kira daga gida tana tambaya ko gaskiya ne abin da Kawu ya gaya mata. Na ce mata ya yi sau ɗaya, kuma ya ce ya ji. Robar tana cikin leda a kan durowa, sabuwa, ba a buɗe ba. Gobe da safe za a sake aunawa.